Lasifika Ba Ta Gayyatar Kowa



Akwai wata takarda da kusan kowace zumuntar matasa take rubutawa sau ɗaya ko sau biyu a shekara, duk wanda ya taɓa zama a kwamiti ya haddace ta. Takardar kasafin kuɗin makon bishara ce. Layin farko kuɗin buga fosta. Na biyu hayar lasifika da man janareta. Sai riguna masu tambarin taro, sai kuɗin motar baƙon mai wa'azi da masaukinsa, sai lemo da abin taɓawa na manyan baƙi. A kai wa dattawa su sa hannu, a yi baiko na musamman, a yi kwana 3 ana kiɗa ana tsalle. Ranar Lahadi sakatare ya miƙe ya ce taro ya yi albarka, majami'a ta cika har waje.

To, su wa suka cika ta? Ku koma ku duba hotunan da kuka ɗauka. Mawaƙan ikkilisiyar bayan kasuwa ne da aka aika wa wasiƙa. Matasan sauran majami'un gunduma ne da suka zo biyan bashin zuwan da kuka yi musu bara. Mutane ne waɗanda ko ba fosta za su yi sujada a wani wuri. Mutumin da katangarsa take jingine da ta majami'a bai zo ba, domin ba wanda ya je ya ce masa ya zo.

Maganarmu a yau ɗaya ce, kuma ba za mu shafa mata zuma ba. An ɗauke aikin gayyatar maƙwabci daga bakin mai bi an miƙa wa na'ura, na'ura kuwa ba ta iya shi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, saboda haka ku saurara har ƙarshe kafin ku yi fushi.

Mu fara da lasifika, tunda ita ta fi cin kuɗi. Daren Juma'a, ƙarfe 11, an shiga addu'ar dare. Waɗanda suke ciki ba su wuce cika benci huɗu ba, ko ba makirufo za a ji muryar mai jagora daga baya. Amma an ɗaura manyan lasifikoki biyu a kan rufi, ɗaya tana kallon gabas ɗaya yamma. In ka tambaya a ce ai bishara ake kai wa unguwa. Bari mu gaya muku abin da unguwa take ji. Ma'aikaciyar jinyar da ta dawo daga aiki da dare kuma za ta koma da asuba, ƙara take ji. Mai jegon da ta sha fama kafin jariri ya yi barci, ƙara take ji. Haka ɗalibin da zai rubuta JAMB, haka tsoho mai hawan jini. Labarin gicciye ba ya isa kunnensu a cikin wannan hayaniya. Abin da ke isa shi ne ihun ɗaure aljanu da kiran wuta ta sauko a kan maƙiya, wani a cikinsu kuma yana kwance yana tambayar kansa ko shi ne maƙiyin. Gari ya waye mu aiki yaro ya liƙa masa takardar gayyata a ƙofa.

Mun san amsar da ke bakin wasu: "Ai su ma suna yi." Gaskiya ne, a garuruwanmu lasifika ba ta addini ɗaya ba ce. Amma tun yaushe abin da wani yake yi ya zama ma'aunin almajirin Yesu? In gasar ƙara muke yi, mu kira ta da sunanta, mu daina sa mata rigar bishara.

Fosta kuwa ƙanwar lasifika ce. Hoton mai wa'azi da kwat ya cinye rabin takarda, sunan Yesu sai ka sa tabarau. Taken taro da Turanci mai nauyi, wanda ko waɗanda suka zauna a makarantar tauhidi sai sun karanta sau biyu. A liƙa a bangon mutane ba izini, a kan ta 'yan siyasa, ruwan sama ya wanke duka. Yanzu ma an sami hanya mafi sauƙi, a ɗora hoton a WhatsApp a ce "na yi nawa." Su wa suke ganin abin da ka ɗora? Waɗanda suke da lambarka kake da tasu. Wato 'yan ƙungiyar mawaƙa da 'yan ajinku da 'yan garinku. Mai gyaran takalmin da ke bakin layinku shekara da shekaru ba ka da lambarsa, ko sunansa ba ka sani ba, "mai takalmi" kake kiransa.

Shi ya sa abin da muke kira girman ikkilisiya sau da yawa kwasar kifi ce daga wannan kwano zuwa wancan. Ɗan ECWA ya koma COCIN, 'yar Baptis ta koma sabuwar majami'ar da aka buɗe a shago, bayan shekara biyu a sake juyawa, kowane fasto yana ba da shaidar ƙaruwa. Unguwa tana nan yadda take. Bulus ya gaya wa Romawa a sura 15 cewa shi ba ya son ɗora bulo a kan ginin da wani ya fara, inda ba a taɓa ji ba can yake nufa. Mu kuma mun ƙware a cire bulo daga ginin ɗan'uwa.

Wanda Littafinsa yake kusa ya buɗe Yohanna sura 1, ya ga yadda almajiran farko suka taru. Andarawus ya yini tare da Yesu, da ya fito wanda ya fara nema shi ne ɗan'uwansa Siman, ya kawo shi. Filibus mutumin Betsaida ne, garin su Andarawus da Bitrus, ya je ya sami Natanayel. Natanayel ya yi masa ba'a a kan Nazarat. Filibus bai buɗe muhawara ba, ya dai ce masa ya taho ya duba da idonsa. Ku lura, tare za a tafi. Bai kwatanta masa hanya ya koma gida ba.

Amma wanda muka fi so ku tsaya a kansa shi ne Lawi, a Luka sura 5. Mai karɓar haraji ne, aikin da jama'arsa suka tsana, mutumin da masu addini ba sa haɗa kwano da shi. Yesu ya kira shi, ya tashi ya bi. Mene ne abu na farko da ya yi? Ya shirya babbar liyafa a gidansa, da kuɗinsa, ya tara abokan aikinsa da ire-irensu, ya zaunar da su wuri ɗaya da Yesu. Waɗannan mutane ne da babu sanarwar majami'ar da za ta kawo su. Sun zo domin Lawi ne ya kira su, sun san shi, sun san gidan, sun sha cin abinci a ciki. Yesu kuma ya zauna ya ci. Waɗanda suka tsaya a waje suna gunaguni su ne Farisiyawa da malaman Attaura. Da a yau ne wani sabon tuba ya tara tsofaffin abokansa na mashaya a ɗakinsa ya kira fasto ya zo su ci tuwo, anya ba za a kai ƙararsa gaban dattawa ba? Mukan gaya wa sabon tuba ya yanke hulɗa da kowa a rana ɗaya, bayan shekara guda ba shi da aboki ko ɗaya a waje, sannan mu ba shi fosta mu ce ya je ya yi bishara. Wa zai kai wa?

A Markus sura 5 kuma, mutumin nan da aka warkar a makabarta ya roƙi Yesu ya bar shi ya shiga jirgi su tafi tare. Yesu ya ƙi, ya mai da shi gida wurin mutanensa. Matasa suna son shiga mota a tafi ƙauye mai nisa bishara, a kwana a aji, a ɗauki hotuna da yara. Ba mu hana ba, akwai albarka a ciki. Sai dai a can ba wanda ya san ka, kowa mala'ika ne na kwana 3. Shi wannan mutum an tura shi inda aka san shi tsirara, aka san shi da sarƙa. Nan ne wuri mai wuya, nan ne kuma shaida take da nauyi.

To, wane ne maƙwabcin da muke magana a kansa? Da an ambaci bishara ga maƙwabta, tunanin yawancinmu yakan tafi kan Musulmi, sai gaba ya faɗi, sai a rufe zancen. Za mu zo kan wannan. Amma ku fara ƙirga ɗakunan gidan hayar da kuke ciki. A unguwanni da yawa na Jos da kudancin garin Kaduna, da Sabon Garin Kano da na Zariya, mutumin da ɗakinsa yake kallon naka daga Littafi Mai Tsarki aka ɗauko sunansa. An yi masa baftisma a rafin ƙauyensu. Ya zo birni neman abinci, yana tuƙa keke Napep, Lahadi ce ranar da ya fi samun fasinja, fasinjojin kuma mu ne. Shi yake sauke mu a ƙofar majami'a, mu ja da shi a kan naira 50, mu shige. Yaushe rabonsa da sujada? Ba wanda ya tambaya.

Akwai yarinyar da ta yi ciki, aka sanar da horonta a gaban jama'a, aka mai da ita bencin baya. Horon ya ƙare tuntuni, ɗanta har ya shiga makaranta, ita ba ta dawo ba, waɗanda suka yi waƙa tare da ita kuma suna wucewa ta ƙofarta kowace Lahadi da kwalliya. Horon ikkilisiya domin a maido da mutum aka yi shi. A 2 Korantiyawa sura 2, Bulus da kansa ya tsawata wa ikkilisiya cewa hukuncin da aka yi wa mai laifi ya isa haka, lokacin gafara da ta'aziyya ya yi, tun baƙin ciki bai gama da shi ba. Rabin farko na wannan aiki an iya shi ƙwarai a cikinmu. Rabi na biyu ba shi da kwamiti.

Akwai samarin da ke zama a kangon bayan layi. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayu 2018, amma kangon bai watse ba, abin sha kawai aka canja. Da yawansu 'ya'yan zumuntar mata ne, tare kuka yi makarantar Lahadi, ayoyin haddar da kuka sani sun sani. Ana yi musu addu'a a jimla da sunan "matasanmu da suka lalace," amma in an hango su sai a canja hanya. Akwai kuma iyalan da rikici ya koro daga Gwoza ko Michika ko ƙauyukan Filato, suna cunkushe a ɗaki ɗaya a ƙarshen layi, ba su san kowa ba, kunyar tufafinsu ta hana su shiga inda muke.

Duk waɗannan ba ruwansu da fosta. Sun san inda majami'a take, suna jin ta kowane dare. Abin da ba su sani ba shi ne ko akwai mutum ɗaya a cikinta da zai ji daɗin ganinsu.

Yanzu maganar tsoro. Ba za mu raina ta ba, wanda ya raina ta bai binne nasa ba. Kaduna ta ga 2000, Jos ta ga Satumba 2001 da 2008 da 2010, bayan kowane rikici kuma mutane sun kwashe kaya sun koma inda nasu suka fi yawa. A Kaduna kogi ya zama kamar iyaka. Da yawa a cikinku an haife ku ne bayan an riga an raba garin. Za ka sami saurayi a Sabon Tasha da bai taɓa cin abinci a gidan Musulmi ba, ka sami sa'ansa a Rigasa da bai taɓa shiga gidan Kirista ba. Iyayenku ba haka suka tashi ba. Ku tambaye su labarin naman Salla da shinkafar Kirsimeti da suke ƙetare katanga. Bulus ma a 1 Korantiyawa sura 10 ya ɗauka abu ne na yau da kullum wanda ba mai bi ba ya kira mai bi cin abinci a gidansa, har ya koya musu yadda za su yi in sun je.

Ba muna cewa kowa ya ɗauki Littafi ya faɗa inda zai jawo wa kansa da ikkilisiya fitina ba. Ubangiji ya haɗa wayon maciji da halin kurciya a umarni ɗaya. Amma tsoro ya wuce aikinsa, an ɗauke shi gadi ya zama mai gida. Yau da sunan tsaro ba a zuwa ta'aziyya, ba a zuwa barka, ba a duba mara lafiya. Alhali kasuwarmu ɗaya, ajinmu ɗaya a jami'a, layinmu ɗaya a banki. Mai kayan miyan da kike ciniki a wurinsa tun kina yarinya ya rasa mahaifiyarsa, kin ji, kin ce "Allah sarki," kin karɓi canjinki.

A watan Yuni 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi, limamin Nghar, Malam Abdullahi Abubakar, dattijo mai shekara fiye da 80, ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye Kirista fiye da 200, ya fita ya fuskanci maharan ya ƙi miƙa su. Amurka ta karrama shi a 2019. Ba mu kawo shi don mu ce bambancin bangaskiya ba kome ba ne. Akwai bambanci, a kan gicciye yake, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Mun kawo shi ne domin labarin Basamariye a Luka sura 10 irin wannan zafin gare shi: Yesu ya ɗauki mutumin da masu sauraronsa ba sa tsammanin alheri daga wurinsa, ya mai da shi malamin maƙwabtaka. Dattijon nan tare ya zauna da mutanen da ya ɓoye, ya san su sun san shi. Mu wa muka sani har haka?

Maƙwabcinmu Musulmi yana da hakkin ya ji labarin Yesu daga bakin wanda ya san shi. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin yin addininsa da yaɗa shi da kuma canja shi. Amma doka ba ta koyar da ladabi, wannan aikin 1 Bitrus sura 3 ne, inda aka haɗa ba da amsa da tawali'u da girmamawa. Saboda haka babu yaudara. Kada ka ce masa bikin cika shekara ne, ya zo ya tarar da kiran tuba. Kada a ja yaran mutane da alewa a bayan idon iyayensu, mu ma ba za mu yarda a yi wa namu haka ba. Kada a ɗaura gayyata a bakin buhun shinkafa. In za ka taimaki mai yunwa ka taimake shi, ko zai zo ko ba zai zo ba. Kada ka zagi abin da yake girmamawa a Facebook da dare ka miƙa masa takarda da safe. Ka kuma sani abin da kake nema a wurinsa yana da tsada. Kai in an gan ka a ƙofar majami'a ba wanda zai tanka, shi kuwa ganinsa kawai a wurin zai iya jawo masa tuhumar dangi da ƙauracewar abokai. Shi ya sa sau da yawa gayyata ta farko ta zuwa ɗakinka ce, ko bikin aurenka, ko abincin Kirsimeti. In ya ce a'a, ya ce a'a. Gobe da safe ka gaishe shi kamar jiya. In gaisuwarka ta ragu bayan ya ƙi, ka nuna masa da ma tarko ce.

Wasu kuma sun sami mafaka mai kyan gani: "Ni halina ne wa'azina." Madalla, in halin yana nan. Amma maƙwabcinka zai iya shekara 10 yana yabon kirkinka bai san tushensa ba, ya ɗauka tarbiyyar gidanku ce kawai. Dole wata rana a buɗe baki a ambaci sunan. Ga kuma ɗaya gefen, ɗan'uwan da bakinsa ya fi na kowa kaifi a wa'azi, amma shi ne ba ya biyan kasonsa na kuɗin wuta, ranar sharar tsakar gida ya ɓace da sunan taron addu'a, mai shago yana binsa bashi tun Ista. Irin wannan in ya yi shiru ya taimaki bishara. Ya biya bashin tukuna.

Waɗanda suka riga mu ba su da janareta. Gowans da Kent da Bingham sun sauka Legas a Disamba 1893, cikin shekara guda biyu daga cikinsu sun mutu, sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi. A Garkida, sujadar farko a 1923 a gindin tsamiya aka yi ta. Amma ku bar Turawa ma. Yawancin ikkilisiyoyin ƙauyukanmu manoma ne da masu bishara 'yan ƙasa suka kafa su da ƙafa da keke. A shekarun 1960, Sabon Rai Don Kowa ta tsaya ne a kan ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje da koya wa kowane mai bi ya yi shaida da bakinsa, gida gida. Kakanninku ne suka yi wannan. Jikokinsu suna ba da baiko domin masu bishara na EMS da suke can nesa, abu mai kyau, amma kwatar da ke tsakaninsu da ƙofar maƙwabci ta gagare su tsallakewa. Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake. Kwamitocin zumunta su juya lasifikar dare ta kalli ciki, su rage fosta, kuɗin da ya ragu a sayi shinkafa kowa ya dafa a gidansa irin na Lawi. A kuma fara gaisuwa tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ɗauka an dace, maƙwabci ya ce to. Ina muke kai shi? Yaƙub sura 2 ta zana hoton tun da daɗewa: mai zoben zinariya ya sami kujera, mai tsumma aka nuna masa ƙasa. Yau ma masu ba da wurin zama sukan karanta takalmi kafin fuska. Yarinya ta zo da wando ko babu ɗankwali, wata uwa ta tare ta a ƙofa tun ba ta ji aya ɗaya ba. Saurayi ya shigo da warin taba, bencin da ya zauna ya yi fili nan take. Sanarwa ta fi wa'azi tsawo, baiko kashi kashi, sannan gidauniyar gini inda ake kiran suna da adadi, a fara daga masu dubu 100. Baƙo yana da kuɗin motar komawarsa kawai a aljihu, yana neman inda zai ɓoye fuska. A ce baƙi su miƙe, a tafa musu, a yi musu waƙar maraba, a tashi sujada kowa ya nufi 'yan yarensa.

Wannan na ƙarshe shi ne gyambon da ba a so a taɓa. Majami'u da yawa sun koma ƙungiyar ci gaban ƙabila mai gicciye a kan rufi. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, harshen nan ya sa Bajju da Berom da Bura da Tangale suka iya zama benci ɗaya su yi waƙa ɗaya. Amma har yau in Bahaushe ko Bafulatani ya shigo, ko da Kirista ne ɗan Kirista, akwai masu binsa da kallon ɗan leƙen asiri. Bincike a ƙofa ya zama dole a wurare da yawa, mun sani, mun kuma san dalili. A yi wa kowa daidai, dattijo da baƙo, fuska a sake. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a ƙofar majami'a ma haka ne.

Wanda ya yi gayyata shi ne mai masaukin baƙonsa. Kada ka ce masa "sai mun haɗu a can," domin ba zai zo ba. Ka biya masa ku tafi tare, ka biya kuɗin keke. In kana ƙungiyar mawaƙa ka nemi izini ranar, ka sauko ka zauna kusa da shi. Ka buɗe masa littafin waƙa, ka nemo masa ayar da ake karantawa, ka raɗa masa cewa baiko ba dole ba ne gare shi, ka kuma gaya masa tun a gida abin da zai gani game da Jibin Ubangiji don kada ya rikice. 'Yar'uwa, in akwai maganar ɗankwali a majami'arku, ki sa guda a jaka. Bayan sujada ka haɗa shi da mutum biyu ko uku da sunansa, ka raka shi har ƙofarsa.

In bai dawo Lahadi ta gaba ba, kada a aika masa saƙon waya mai ayar tsoratarwa. Ka je da ƙafarka ranar Talata da yamma, ka tambayi jikin mahaifiyarsa da ya ambata a hanya, in an ba ka wuri ka zauna.